Masu Ƙaura Daga Isa Da Batun Mitar Lantarki

Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Isa da Sabon Birni, magidanta da yawa sun kwashe iyalansu zuwa Sakkwato, waɗansu ma sun ƙetara Maraɗi. Ƙaurar nan ta haifar da wata tambaya: shin wanda ya sayi mitar lantarki da guminsa yana iya cire ta ya tafi da ita?

Ƙa'ida ba ta yarda ba. Kamfanin Kaduna Electric, mai raba wuta a Jihar Sakkwato, yana yi wa kowace mita rajista ne da gidan da aka kafa ta. Ko daga zaure zuwa tsakar gida za a gusa da ita, sai da izninsa; ba aikin mai gyaran wuta na unguwa ba ne. Haka ma a Ingila, injiniyan ɗumama gida ba ya matsar da mitar iskar gas sai kamfani ya amince. A watan Janairun 2025 kuwa, hukumar NERC ta mai da tarar yi wa mitar layi ɗaya katsalandan Naira 100,000 a laifin farko.

Babu mai musun dalilin, wato hana satar wuta da gobara. Amma fa ƙa'idojin 2021 sun tanadi a mayar wa mai saye kuɗinsa da wuta, sannu a hankali. To, wanda ya kulle gida ya gudu da ransa, a wace mita za a zuba masa? Ya kamata kamfanin ya yarda bashin ya bi mutum zuwa inda ya sauka.