Dokin da na ɗinka ba nawa ba ne

A zangon karatun da ya wuce na samu aikin da na fi alfahari da shi tun da na shigo sashen koyon ɗinki da zanen tufafi. Wasu 'yan ajinmu suka ce in yi musu surfani a bayan rigunan bankwana, suna son wani abu na Arewa da ba a saba gani ba. Na shiga Pinterest na ci karo da zanen wani mahayi a hawan sallah, doki ya ɗaga ƙafafun gaba, rawani na kaɗawa. Na sauke shi, na kwana biyu ina mayar da shi ɗinki a kwamfuta, injin ya buga shi a riguna goma sha biyu, na karɓi kuɗina.

Bayan mako guda ina zaune a kantin makaranta sai wani yaro ɗan ajin farko a sashen zane-zane ya tsaya a kaina, ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Anti, don Allah ke kika yi rigunan nan masu doki?" Na ce ni ce, har ina gyara zama in karɓi sabon aiki. Sai ya buɗe jakarsa ya fito da takardar asali, da fensir, da sa hannunsa a ƙasan kofaton dokin, daidai wurin da na yanke lokacin da nake gyara hoton. Ya sa shi a Instagram ne, wani ya kwashe ya kai Pinterest.

Abin da na fara faɗa masa shi ne abin da yawancinmu za mu faɗa: ai a intanet na gani. Wallahi har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni. In ka ga shadda an shanya a igiyar hostal, ganin da ka yi mata bai sa ta zama taka ba. Amma da yake hoto ba ya raguwa in an kwafe shi, sai mu ɗauka ba a ɗauki komai ba.

Doka ba haka ta ɗauka ba. Najeriya na da Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1988. Hukumar NCC ce ke kula da ita. A ƙarƙashinta, mai zane ba ya buƙatar ya yi rajista kafin zanensa ya samu kariya. Da ya gama shi a takarda ko a waya, nasa ne. Kariyar na nan duk tsawon rayuwarsa, da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Kuma kada wani ya ce ai mai zanen yana Indiya ko Turkiyya, domin Najeriya ta shiga yarjejeniyar Berne tun 1993, wadda ta sa ƙasashe ke kare ayyukan 'yan ƙasashen juna.

Hujjar da ta fi ƙarfi a bakinmu masu allura ita ce wahala. Na zaɓi zare kala bakwai, na tsara inda ɗinki zai cika da inda zai yi sirara, allura ta karye mini sau biyu. Wannan duk gaskiya ne, kuma ƙwarewa ce da ta cancanci kuɗi. Sai dai mutanen nan ba karyewar allurata suka saya ba. Dokin suka gani suka ce shi suke so. Mayar da zane daga fensir zuwa zare kwafi ne, kuma izinin yin hakan na hannun mai zanen. Canza launin rawani daga fari zuwa shuɗi, kamar yadda na yi, bai fitar da ni ba.

Na san wani zai ce, to aska takwas fa, wa ya mallake ta? Wa za mu nemi izininsa kafin mu ɗinka dagi ko tambari a babbar riga? Tambaya ce mai kyau. Waɗannan gado ne, masu ɗinkin hannu a Zariya da Kano sun daɗe suna koyar da su daga uba zuwa ɗa, kuma babu mutum ɗaya da zai tare ka ya ce nasa ne. Amma ko a wannan tsohuwar sana'a, ku lura, akwai mai zane da ke fitar da fasalin a kan yadi ko hula kafin mai ɗinki ya sa allura, kuma ana biyansa nasa daban. Wato tun kafin kwamfuta, masu sana'ar sun san zane aiki ne mai kuɗi. Mu 'yan boko ne muka manta.

Ba kuma cewa nake a daina koyo da aikin wasu ba. Dokar ta bar ƙofa ga amfanin kai da karatun da ba na kasuwanci ba. Ka kwaikwayi zane a ƙyallen gwaji don hannunka ya faɗa, wannan daban. Ranar da ka sa masa farashi, ko ka ɗora shi a shafinka kana neman kwastoma, magana ta canza.

Ga bikin baje kolin furojet na tafe. Ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai da na sashenmu su sa sharaɗi ɗaya: duk kayan da za a baje, a rubuta sunan mai zanen kusa da na mai ɗinkin, da shaidar ya yarda, ko da hoton saƙon WhatsApp ne. Sashen zane-zane na nan kusa da mu, cike da yara masu hannu da ba su da kuɗin fenti, mu kuma muna ƙona data muna neman zane a wajen baƙi.

Shi yaron bai yi maganar hukuma ba, bai ma ɗaga murya ba. Abin da ya fi damunsa shi ne sa hannunsa da na yanke. Na ba shi kashi ɗaya cikin uku na abin da na samu, ko da yake na riga na ci kuɗin, sai da na ranta na cika. Na karɓo riguna tara na ɗinka sunansa a ƙasan kofaton. Masu sauran ukun sun riga sun tafi gida da su. Zanen da ke kan rigar furojet ɗina ma shi ya yi mini, kuma wannan karon shi ya yanka farashi.