Ra'ayinmu: Mu Kafa Ma'aunin Ruwan Sama a Makarantarmu

Damina ta ƙarato. Shamuwa ta fara sauka a kan bishiyoyi, iska ta juyo daga kudu maso yamma, kuma a kowane gida tambaya ɗaya ake yi: yaushe za a yi shuka? Tambayar ta shafe mu kai tsaye, domin daga gero da gyaɗar da iyayenmu ke nomawa ake samun kuɗin littattafai da na jarrabawa.

A farkon kowace shekara, Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina. Tana bayyana lokacin da ake sa ran saukar ruwa, da lokacin ɗaukewarsa, da yankunan da ake fargabar ruwa zai tsaya a tsakiyar damina. Bayani ne mai amfani, kuma ya kamata mu riƙa bibiyarsa a rediyo. Sai dai hasashen na jiha ne da ƙaramar hukuma. Kowa ya san hadari kan zubar da ruwa a ƙauyen maƙwabta har kwalabati ya cika, mu nan ko yayyafi ba mu gani ba.

Saboda haka muke kira ga hukumar makaranta da ta ba mu dama mu kafa ma'aunin ruwan sama. Ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, da rula, da littafin rubutu sun isa. A ɗora gwangwanin a kan turke a fili, nesa da bishiya da rufin aji. Kowace safiya kafin asambuli a auna zurfin ruwan, a rubuta, a zubar. Milimita 1 daidai take da lita 1 ta ruwa a kan murabba'in mita ɗaya na ƙasa.

Me wannan lissafin zai amfana mana? Masana aikin gona a yankinmu na Sahel sukan ce damina ta zauna idan an samu ruwa kusan milimita 20 cikin kwana 3, sannan bai ɗauke fiye da mako guda ba a watan da ya biyo baya. Ruwan farko da bai kai haka ba yakan yaudari manomi. Iri ya tsiro, rana ta ƙone shi, a koma neman wani irin da tsada. Idan muna liƙa adadin kowace rana a wannan bango, kusa da hasashen NiMet, kowane ɗalibi zai koma gida da labarin da mahaifinsa zai haɗa da alamun da ya gada wajen yanke shawara.

Mun san za a ce babban hutu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, musamman watan Agusta mai yawan ruwa. Maganin wannan shi ne a raba kwanaki tsakanin ɗaliban da gidajensu ke kusa da makaranta, malamin labarin ƙasa ya riƙa duba littafin.

Bayan 'yan shekaru, ƙauyenmu zai mallaki tarihin ruwansa a rubuce. Duk mai son shiga jerin masu awo ya ba da sunansa ga sakataren ƙungiyarmu kafin ranar Juma'a. Allah ya ba mu damina mai albarka.