Tun Ran Gini, Ran Zane



A watan Nuwamba na 2025, da yawa daga cikinmu a rediyo muka ji cewa an sauya harshen da za mu riƙa koyar da yara da shi. Ministan Ilimi na Tarayya, Dokta Tunji Alausa, ya tsaya a wani taro a Abuja ya bayyana cewa an soke manufar harshe ta 2022, kuma daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. An ce Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da haka a taronta na 69 a Akure. Washegari muka shiga aji da allinmu, yaran aji ɗaya suka miƙe suka gaishe mu da Hausa kamar kullum, kuma babu ko takarda ɗaya a hannunmu da ta faɗi yadda za mu yi da su.

Wannan shafi ba zai yanke hukunci tsakanin Hausa da Turanci ba. A cikin mambobinmu akwai masu ganin an yi daidai, akwai masu ganin an yi ɓarna, kowa da hujjarsa. Abin da ya dame mu shi ne hanyar da aka bi.

Mu duba dalilin da aka bayar. Ministan ya ce alƙaluma sun nuna ɗalibai na faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da suka rungumi koyarwa da harshen uwa. To, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da waccan manufa ne a ƙarshen Nuwamba na 2022, zamanin Malam Adamu Adamu. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2023, a aji uku yake lokacin da aka soke ta, da sauransa shekaru tara kafin ya zauna WAEC. In kuwa tsohon tsari ake nufi, wanda tun Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ya tanadi a fara karatun firamare da harshen da yaro yake ji, to ai sai a baje alƙaluman kowa ya gani: jiha nawa, makarantu nawa, an kuma ware illar cunkoson aji da rashin littattafai da ƙarancin malamai, ko kuwa duk an haɗa an jibga wa harshe. Mai yiwuwa ma'aikatar tana da amsa mai gamsarwa. Da an fitar da daftarin shawarar tun tana ɗanya, malamin aji uku a Gwadabawa ko Tambuwal zai iya yin wannan tambaya cikin layi biyu, a ba shi amsa, kowa ya huta.

Mu a Sakkwato muna da abin faɗa fiye da jihohi da dama. A nan da Bauchi ne aka gudanar da shirin koyon karatu na Mu Karanta, wanda hukumar USAID ta tallafa wa tun daga 2015. An buga littattafan Hausa na aji ɗaya zuwa uku, an kai mu bita, an koya mana bin sauti da gaɓa kafin kalma, an kuma riƙa auna karatun yara. Wanda ya ga ranar da yarinya 'yar shekara bakwai ta fara haɗa gaɓoɓi ta karanta sunanta da kanta, ya san wani abu da ba ya cikin fayil a Abuja. Haka ma wanda ya ga inda shirin ya yi rauni, ya ga yaran da suka iso aji huɗu Turancinsu bai tsaya ba, ko ɗan rugar da Fulfulde ya tashi da shi, Hausar ma baƙuwa ce a gare shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu dai a wannan reshe ba mu ga takardar da ta nemi jin ta bakinmu ba.

Domin adalci, ita ma manufar ta 2022 haka ta faɗo mana daga sama. An ce a koyar da harshen uwa har aji shida, ba littattafan lissafi da kimiyya da Hausa, ba horo, har ministan lokacin da kansa ya yarda aiwatarwa za ta ɗauki lokaci. Ba a tambaye mu ranar kafa ta ba, ba a tambaye mu ranar rushe ta ba.

Kuma ba wannan kaɗai ba. A Yulin 2024 Farfesa Tahir Mamman ya ce sai mai shekara 18 zai shiga jami'a, iyaye suka shiga ruɗani, bayan 'yan watanni magajinsa ya mayar da ita 16. Sabuwar manhajar da hukumar NERDC ta tsara, wadda ta rage yawan darussa ta kuma dawo da Tarihi, an sanar da ita ana dab da komawa makaranta a zangon farko na 2025/2026. Rage darussa abu ne da muka daɗe muna roƙo, mun kuma yi murna da dawowar Tarihi. Amma mai wannan rubutu a waya ya fara ganin jerin darussan, wani ya turo a WhatsApp, ba hatimi ba sa hannu, ga iyaye sun riga sun sayi littattafan bara da kuɗin da suka tara da ƙyar.

Za a ce ai an tuntuɓi masu ruwa da tsaki. Mun san irin wannan tuntuɓa. Akan tara mutane a ɗakin taro na otal, a karanta musu abin da aka riga aka gama, a ɗauki hoto, a raba kuɗin mota. Shawarar da ake nema bayan an sa hannu ihu ne bayan hari.

Abin da muke nema ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Dokar sadarwa ta 2003 ta wajabta wa hukumar NCC ta yi zaman jin ra'ayin jama'a kafin ta kafa ƙa'ida, shi ya sa take wallafa daftari ta ba da wa'adi. A Amurka tun 1946 doka ta tilasta wa hukumomin tarayya su buga ƙa'idar da suke shirin yi, su karɓi ra'ayin duk mai so, galibi cikin kwana 30 zuwa 60, sannan su bayyana dalilin abin da suka zartar. Idan kamfanonin waya sun cancanci a ji ta bakinsu kafin a taɓa harkarsu, yaya ɗan aji ɗaya da malaminsa? Mu 'yan garin nan ma ba sai mun je nesa ba, domin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, ya lissafa riƙo da shawara cikin ginshiƙai biyar na mulki a littafinsa Kitabul Farƙ.

Abuja ta yi mana nisa, don haka mu fara da gida. Tsarin mulki na 1999 ya ba jihohi hannu a harkar ilimi, kuma kwamishinonin ilimi na jihohi mambobi ne a Majalisar Ilimi ta Ƙasa. Ke nan akwai kujerar Sakkwato a duk inda ake yanke irin wannan hukunci. Muna roƙon Ma'aikatar Ilimi ta Jiha, cikin girmamawa, ta riƙa sanar da mu batutuwan da za a tattauna kafin wakilanmu su tafi, in sun dawo kuma a faɗa mana matsayin da aka ɗauka da sunanmu. Muna roƙon hukumar SUBEB, duk lokacin da za ta fitar da ƙa'idar da ta shafi manhaja ko jadawali ko sauyin wurin aiki ko ƙarin girma, ta aika da daftarin zuwa ofisoshin sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi 23, a liƙa a allon sanarwa da Hausa da Turanci, a karanta a Rediyon Rima domin iyayen da ba sa karatun boko, a ba da aƙalla wata guda. Bayan nan a fito a ce ga abin da aka ji, ga wanda aka ɗauka, ga wanda aka bari da dalilinsa. Ba lallai ne a bi ra'ayinmu ba. Malami ya fi iya aiwatar da umarnin da ya san dalilinsa ko da bai so shi ba.

Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa. An daɗe ana jayayya ko ta shafi jihohi, sai a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta shafe su. Mu nawa ne muka taɓa amfani da ita?

Nan ne tamu ta fito. Sau nawa aka kira taron reshe, kujeru suka fi mutane yawa? Sau nawa shugabannin ƙungiya suka je zama da hukuma suka dawo, mambobi ba su ji abin da aka cimma ba sai a bakin wani? Ƙungiyar da ke neman a nuna mata daftari, wajibi ne ita ma ta nuna wa mambobinta nata kafin ta kai gaba.

Saboda haka muna kira ga kowane malami da malama da ke riƙe da aji ɗaya zuwa uku, su rubuta shafi guda: yara nawa ne a ajin, nawa ke jin Turanci, da wane harshe ake fahimtar darasi, waɗanne littattafai ke hannu. A tambayi iyaye ma a taron iyaye da malamai. A miƙa wa wakilin makaranta kafin taron reshe mai zuwa, za a karanta abin da aka tattara a gaban kowa, sannan a kai wa SUBEB da ma'aikata a rubuce.