Gano Mai Daban, Fito da Shi Daban

Duk wanda ya taɓa ɗiban ruwa a rijiyar burtsatse mai zurfi a Malkohi, ko a Yola da Jimeta, ya kamata ya san cewa ruwan nan ba daga wani tafki na ƙarƙashin ƙasa yake fitowa ba. Maƙale yake cikin 'yan kafofin dutsen yashi da masana ke kira dutsen Bima, yana tsattsafowa kamar yadda sabon tulu ke yi. To, haka man fetur yake kwance a cikin dutse.

Dalilin wannan magana shi ne, a 2019 kamfanin NNPC ya ba da sanarwar gano mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, a 2022 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin, aka ambaci ganga fiye da miliyan 1,000. Da yake shimfiɗar dutsen Bima ta haɗa can da Yola, ba laifi ba ne mutanen Adamawa su sa rai.

Amma fa gani ba ci ba ne. Idan aka huda rijiya, ƙarfin da ke danne a ƙasa shi ke turo man, kuma kafin ƙarfin ya ƙare abin da ke fitowa kaɗan ne. Daga nan sai a tura ruwa ko iskar gas ta wata rijiyar don su koro man. Matanmu masu ƙuli-ƙuli sun san wannan dabara, domin sai sun yayyafa ruwan zafi tunkuza ke sakin mai. Duk da haka, a yawancin filayen mai na duniya wajen kashi ɗaya cikin uku kawai ake samu. Ruwa kan bi kafofi masu faɗi ya wuce, ya bar mai a matsattsu. Wanda bai san halin dutsensa ba, asara zai tafka.

Oloibiri ta ishe mu darasi. Can aka fara gano mai a Nijeriya a 1956, ba a kai shekara 25 ba aka rufe rijiyoyin, aka bar mutanen wurin da talauci da gurɓataccen ruwa.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da asusun PTDF su tanadar wa Jami'ar Modibbo Adama ta Yola ɗakin gwajin duwatsu, inda 'ya'yanmu za su koyi auna yadda ruwa da mai ke ratsa dutse, maimakon a riƙa jiran baƙi su gaya mana abin da ke ƙarƙashin gonakinmu. Haka kuma, kafin a huda ko rijiya ɗaya, a yi tanadin da zai hana ruwan gishirin da ke fitowa tare da mai shiga ruwan shan jama'a. Talakan Malkohi zai iya rayuwa ba fetur, amma ba zai rayu ba ruwa ba. Tun ran gini ran zane.