Kududdufi Ga Ɗan Talaka, Tafkin Siminti Ga Ɗan Manya

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan Batsari da Safana da damina ya ga abin da muke magana a kai. Da ruwa ya sauka, sai ramukan da aka haƙa don ƙasar gini da waɗanda 'yan kwangilar hanya suka bari a buɗe su cika maƙil. Nan shanu ke sha, nan ake wanki, nan kuma yaranmu ke faɗawa su koya wa kansu iyo, ba malami, ba mai tsaro. Wanda Allah Ya yi wa gyaɗar dogo ya fito, wanda ƙafarsa ta kafe a taɓo sai a ce kwana ya ƙare.

Wanda ya fito ɗin ma bai tsira ba. Ƙwayar cutar tsargiya tana girma ne a jikin dodon koɗi da ke zaune a ruwan da ba ya gudu, ta huda fatar mai wanka ta shige jini. Yaro ya yi ta fitsarin jini, jikinsa ya ƙanjame, karatu ya gagara, har wasu iyaye su ɗauka alamar balaga ce. Ana raba maganin Praziquantel a makarantu, madalla. To amma ina amfanin wanke yaro a mai da shi cikin kwata?

Abin da muke nema ga shi a fili: a gina wa jama'a wurin iyo a garin Batsari, a gina wani a Safana. A kewaye shi da katanga, a cika shi daga rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, a riƙa sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta. A yi ɓangare marar zurfi don ƙanana da naƙasassu. A ware ranakun mata, da malamai mata. A yi masa rumfa da abin ɗumama ruwa, yadda hunturu ba zai rufe shi ba, bazara kuma ba za ta ƙafar da shi ba. 'Yan firamare su shiga kyauta, aji aji.

Mun san abin da za a ce mana: wai mutanen da 'yan bindigar dajin Rugu suka hana noma da barci, ina su ina wasan ruwa? Mu ma tambaya muke yi. Yaron da ke fita bayan gari neman tafki, shi da wanda ke cikin katanga a tsakiyar gari, wa ya fi kusa da hannun ɓarayin mutane? Su kuma masu wannan wa'azi, a ina 'ya'yansu ke iyo in ba a manyan otal-otal na Abuja da Kano ba?

Kada kuma a ce babu ruwa. An gama madatsar Zobe kusa da Dutsin-Ma tun 1983, amma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin raba ruwanta. Shekara 38 ruwa na kwance, makwabtansa na shan na kududdufi. Kada a ce iyo baƙon abu ne: an ruwaito Sayyidina Umar ya hori Musulmi su koya wa 'ya'yansu shi, kuma gasar ninƙaya tana cikin bikin kamun kifi na Argungu. Wanda ya raina iya iyo ya tuna jirgin ruwan da ya kife a Bagwai ta Jihar Kano a 2021, da ɗaliban Islamiyya a ciki.

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, takardun kasafin ƙananan hukumomi ta teburinku suke bi. Ku sa wannan buƙata a ciki, ku tambayi kansila da ciyaman a gaban jama'a, ku rubuta amsar da suka bayar. Damina ba ta jiran kowa.