Masu shagon firintin, a daina karɓar takardun mutane ta WhatsApp

Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Ka je a buga maka takarda, sai a ce "turo ta WhatsApp". Ka tura silif ɗin NIN ɗinka ko sakamakon WAEC zuwa wayar yaron shago, shi kuma ya tura wa kwamfuta. An buga, ka biya, ka tafi, amma takardarka tana nan zaune a wayar wani. Irin wayoyin nan mu ake kawo wa gyara, wasu ko makulli ba su da shi.

Tushen matsalar shi ne firintar a ɗaure take da kwamfutar Windows guda ɗaya, ita kaɗai ke da direbanta. Ranar da ta ƙi tashi, kasuwa ta tsaya. Da yawa ma Windows 10 ce, wadda wa'adin tallafinta ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025.

Ni a ganina, a ƙwace firintar daga hannun Windows a ba wa CUPS. Manhaja ce ta kyauta, ba lasisin da za ka saya, tana nan tun 1999, kuma da ita Linux da Mac ke buga takarda. Ka samu tsohuwar laftof ka sa mata Ubuntu, ka jona firintar ta USB, ka buɗe localhost:631 a burauza, ka ƙara ta, ka kunna rabawa. Shi ke nan. iPhone za ta gan ta ta AirPrint, Android daga 8 zuwa sama na da tsarin bugawa a cikinta, Windows ma tana haɗuwa ta IPP. Kwastoma ya hau Wi-Fi ɗin shago, ya danna da hannunsa. Na fi son laftof a kan Raspberry Pi saboda batiri: in NEPA ta ɗauke wuta, layin aiki bai watse ba.

Na san wani zai ce, to ai kowa sai ya buga bai biya ba. A'a malam. Ana saita CUPS ta riƙe kowane aiki, sai an biya ka sake shi. In kuma ka sa PreserveJobFiles No a cikin cupsd.conf, tana gama bugawa za ta goge fayil ɗin.

Amma fa ba kowace firinta ke yarda ba. Wasu tsofaffi masu araha direbansu na Linux wahala ce zalla, don haka ka duba sunan taka a shafin OpenPrinting kafin ka goge komai. Sannan kada ka buɗe ƙofa ta 631 ga intanet, ka riƙa sabunta Ubuntu ɗin, don a 2024 an gano wata ɓaraka a cups-browsed, an kuma toshe ta. Ka bar tsohuwar kwamfutar a gefe na mako ɗaya tukuna, har sai ka ga wayoyi iri-iri sun buga lafiya.