Ƙin Yaƙi Ba Tsoro Ba Ne

Ran nan a ɗakin kwananmu nan Bodinga, wani abokina ya ce masu zanga-zangar ƙin yaƙi matsorata ne, kuma ihunsu bai taɓa tsayar da harsashi ba. Ni kam ban yarda ba, ga kuwa dalilina.

A 1967 Muhammad Ali ya ƙi shiga soja don yaƙin Biyetnam, aka ƙwace masa kambun damben duniya. Wa zai kira wannan matsoraci? A 1970 sojoji suka harbe ɗalibai 4 lokacin zanga-zanga a Jami'ar Kent ta Amurka, amma jama'a ba su fasa ba, har Amurka ta janye sojojinta a 1973. Gaskiya ne ba kullum ake dacewa ba. Ran 15 ga Fabrairu 2003 miliyoyin mutane suka fito a Landan da Rum da wasu birane, duk da haka aka afka wa Iraƙi a watan Maris.

To, amma mu ma mun ga namu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ECOWAS ta yi barazanar kai sojoji. Lokacin ina gida Shagari. Mahaifiyata ta kasa barci, domin ƙanwarta tana aure a Birnin Ƙonni, ga shi an rufe iyakar Illela. Da an yi yaƙin, wa za a harba in ba danginmu ba?

Jama'a ba su yi shiru ba. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan amfani da ƙarfi. Mutanen Kano suka fito kan titi. Malamai suka tafi Yamai neman sulhu, haka ma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da Janar Abdussalami Abubakar. Ban ce wannan kaɗai ya hana yaƙin ba, amma shugabanni sun ji, kuma a watan Maris 2024 aka buɗe iyaka.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, darasin shi ne a yi magana tun kafin a harba bindigar farko, cikin ladabi, ba ƙone-ƙone, ba jifa. Rigakafi ya fi magani. Masu ba da umarnin yaƙi ba su ake binnewa ba, 'ya'yan talakawa ne irinmu.

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.